Tsofaffin motoci ne suka ɗaga darajar Top Gear

A shekarar 2003 masu shirin Top Gear na gidan talabijin na BBC suka sayi wata tsohuwar Toyota Hilux mai amfani da man dizal, ƙirar 1988, suka ƙudiri aniyar kashe ta. Suka gangara da ita kan matakalar bene a birnin Bristol, suka kara ta da bishiya, suka bar ta a bakin teku har ruwa ya shanye ta. Daga baya suka cinna mata wuta. A ƙarshe suka ɗora ta a saman wani dogon bene da za a rusa da nakiya, benen ya rufto da ita. Bakanike ya zo da 'yan kayan aikinsa, bai canja mata ko da ƙusa ɗaya ba, ya taɓa nan ya taɓa can, motar ta tashi. Duk wanda ya taɓa ganin Hilux tana ratsa yashi da laka a hanyoyin karkarar Arewa ko na Nijar bai yi mamaki sosai ba, amma Turawa sun yi ta zancen abin shekaru.

An fara Top Gear tun 1977 a matsayin shirin bayani kan motoci. Sai a 2002 aka sake masa fasali, Jeremy Clarkson da Richard Hammond suka riƙe shi, James May ya shigo a 2003. Aka mayar da wani tsohon filin jirgin sama a Dunsfold, kudancin Ingila, filin gwajin mota, aka kawo wani direba mai rufe fuska da hular kwano da ake kira Stig. Shirin ya bazu har aka kiyasta masu kallonsa sun kai miliyan 350 a duniya, kuma kundin Guinness ya sanya shi a matsayin shirin bayani da aka fi kallo a ƙasashe daban-daban.

Abin da mutane da yawa ke tunawa shi ne Ferrari da Lamborghini da Bugatti suna hayaƙi a kan kwalta. Wannan ɓangaren ne mafi rauni a shirin. Motar da kuɗinta ya isa gina unguwa guda ba ta da abin da za ta koya wa mai iyali da ke neman abin kai yara makaranta. Kuma ko a matsayin sharhi, ba koyaushe ake iya jingina da shi ba. A 2008 shirin ya nuna ana tura motar Tesla Roadster mai lantarki da hannu, kamfanin ya kai ƙara a 2011 yana cewa an ɓata masa suna. Kotu ta yi watsi da ƙarar, sai dai rigimar ta tuna wa masu kallo cewa akwai rubutaccen tsari a bayan abin da suke gani. Clarkson da kansa ya bayyana daga baya cewa an yi wa ƙaramar motar nan mai ƙafa uku, Reliant Robin, gyara na musamman don ta riƙa kifewa a gaban kyamara.

Inda shirin ya yi ƙarfi shi ne duk lokacin da ya sauko wurin motar talaka. A 2007 aka ba kowane ɗaya daga cikin ukun fam 1,500 ya sayi tsohuwar mota a Afirka, aka ce su ƙetare Botswana da ita, daga iyakar Zimbabwe zuwa ta Namibiya, ta cikin filin gishirin Makgadikgadi. May ya ɗauki tsohuwar Marsandi, Clarkson ya ɗauki Lancia wadda ta yi ta lalacewa a hanya, Hammond kuwa ya sami Opel Kadett ƙirar 1963, ya raɗa mata suna Oliver, ya so ta har ya sa aka yi masa jigilarta zuwa Ingila. Mai kallo ya ga injin da ke zafi, ya ga wace mota ake iya gyarawa a gindin bishiya da sifana da waya, wace ce kuma ke buƙatar kayan da babu su a kasuwa. Tambayoyin da mai sayen tokumbo ke yi wa dillali ke nan.

Haka abin yake ga baƙin shirin. Dabarar ita ce a saka babban tauraro cikin mota mai sauƙin kuɗi, a ga minti nawa zai yi ya zagaye filin. An fara da Suzuki Liana, aka koma Chevrolet Lacetti, sannan Kia Cee'd. A 2010 Tom Cruise ya shiga Kia ɗin, ya ɗauki kwanar ƙarshe har ƙafafu biyu suka ɗaga sama. Shekara guda bayan haka Rowan Atkinson, wanda aka fi sani da Mista Bean, ya zarce shi a gudu. Da an ba su manyan motocin tsere, da kuɗin motar ake kallo. Da yake motar ɗaya ce kuma ta kowa ce, hannun direban ne ya fito fili.

Son burgewa da gudu kuwa ya jawo asara ta gaske. A 2006 Hammond ya yi hatsari cikin mota mai injin jirgin sama yana gudun sama da kilomita 460 a sa'a, ya ji mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Ban da batun gudu, a 2015 BBC ta ƙi sabunta kwantiragin Clarkson bayan ya doki wani ma'aikacin shirin, su ukun suka koma Amazon da sabon shiri mai suna The Grand Tour. A Disamban 2022 Freddie Flintoff, tsohon ɗan wasan kurket da ya zama mai gabatarwa, ya kife da mota a Dunsfold ya ji raunuka a fuska, kuma a Nuwamban 2023 BBC ta sanar da jingine shirin.

Tashoshin Hausa da matasa masu ɗora bidiyon motoci a YouTube da TikTok suna da abin ɗauka a nan, kuma ba ya buƙatar kuɗin BBC. Su ɗauko Golf da Corolla da Sharon da tsohuwar Fijo 504, su ɗora musu kaya da fasinja, su bi da su hanyar Kano zuwa Maraɗi, su auna man da kowace ta sha, su tambayi bakanike farashin kayan gyaranta, su gayyato taurarin Kannywood su tuƙa a fili mai tsaro. Gudun ganganci a kan titin jama'a kuwa, kada su saka shi cikin shirin ko kaɗan.