Ciyawar Kacalla: Maganinta Yana Bakin Dam ɗin Tiga da Challawa

Duk wanda ya buɗe famfo a Nassarawa ko Sabon Gari ya sami ruwa, ya kamata ya san cewa yawancin ruwan nan daga kogin Kano da kogin Challawa ake jawo shi a tace. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Hadeja, wanda ke ratsa Jihar Jigawa ya bazu a fadamun Hadeja da Nguru. Saboda haka abin da ke damun manoma da masunta a can, da hannun Kano a ciki.

Abin da ke damunsu shi ne kacalla, doguwar ciyawar ruwa wadda kan fi mutum tsawo. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsaye jan baki masu ɓarnar gero da dawa. Ga sauro, ga dodon koɗi mai yaɗa cutar tsargiya.

To, ina mafarin abin? A da, kogin Hadeja yakan cika ya yi ambaliya da damina, sa'an nan ya ƙafe da rani, ciyawar da ta tsiro ta bushe ta mutu. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama na Challawa a 1992, sai al'amari ya sake. Ana riƙe ruwan damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani a Kadawa da Hadeja da kuma ruwan sha na birnin Kano. Ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu, ba ya ƙafewa, ga laka da ragowar takin zamani daga gonaki, shi ne ainihin abin da kacalla ke so. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin ƙasa, iska kuma tana kwashe irinta.

Da hanyoyi suka toshe, sai ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru, yana cin gonaki da gidaje, alhali tsohon kogin Hadeja da Burum Gana suna fama da ƙarancin ruwa. Wannan toshewa tana cikin abubuwan da ke ƙara tsananta ambaliya irin wadda ta auka wa Jigawa a 2022.

Ba wai an zauna ba a yi kome ba. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 mai hedkwata a Kano, ita ce ke riƙe da dam ɗin biyu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya. A 2006 Gwamnatin Tarayya da jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato, suka kafa asusu na musamman domin kula da waɗannan koguna. Mutanen ƙauyuka kuma sun sha yin aikin gayya da lauje da adda. Amma har yau kacalla tana nan, domin an fi mai da hankali ga yanka, an bar tushen matsalar. In an ƙone ta ko an sare ta a sama, kafin a juya ta tofo.

Tsarin da zai yi aiki yana bukatar abu uku. Na farko, a fitar da jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa wanda zai kwaikwayi yadda kogi yake a da: a saki mai yawa da damina, a kuma ware makonni da rani da za a rage shi har wasu hanyoyi su bushe. Wannan zai taɓa manoman rani, don haka dole a zauna da su da masunta da makiyaya kafin a yanke shawara. Na biyu, a riƙa yankan ciyawar a ƙarƙashin ruwa, domin ta ganye take shan iska, in ruwa ya rufe kututturen sai saiwar ta ruɓe. A kuma sa kuɗin yashe hanyoyi cikin kasafin kowace shekara, kada a jira sai ambaliya ta zo. Na uku, a mai da ita abin sana'a. A kogin Senegal, inda dam ɗin Diama na 1986 ya haifar da irin wannan matsala, ana yin gawayin girki da kacalla.

Mu mazauna Kano muna sama, su suna ƙasa, amma kogi ɗaya muke sha. Ya kamata 'yan majalisarmu su tambayi hukumar ina jadawalin sakin ruwa yake, su wane ne suka tsara shi, kuma ko an ji ta bakin mutanen Hadeja da Nguru. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci.