Annoba Ta Wuce, Ina Alkawari?

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar cutar korona ta shigo Nijeriya. Ba a jima ba aka rufe filayen jirgin sama, manyan ƙasar nan waɗanda ko ciwon kai ya kama su sai Ingila ko Jamus, suka duba suka ga ba hanya. Dole ta sa suka leƙa asibitocin da talaka ke kwana. Har Sakataren Gwamnatin Tarayya na lokacin, Boss Mustapha, ya faɗa da bakinsa cewa bai san harkar lafiya ta lalace haka ba sai da aka ɗora masa aikin yaƙi da cutar. Mu ba mu yi mamaki ba, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

A Kano, cikin Afrilun wannan shekara, masu haƙa kabari suka rasa hutu. Daga baya Ministan Lafiya ya ce mutum 979 suka rasu, kuma ana jin rabinsu ko fiye korona ce. A lokacin kowane mahukunci ya ɗaga murya, wai an ɗauki darasi, wai za a gyara asibiti. To, jama'a, ina gyaran?

Da aka buɗe hanya, manya suka koma hawan jirgi, likitoci kuma suka bi sawu. Kada a zarge su da sauri. Mutumin da ya tsaya kan mai korona ana biyansa Naira 5,000 a wata kuɗin kasada, wanda sai da ya yi yajin aiki na wata biyu cikin 2021 kafin a saurare shi, me zai zauna jira? Cikin 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Ali Pate, ya ce likita wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata. Da kuɗin talaka aka koyar da yawancinsu, ga su can suna duba marasa lafiyar wasu ƙasashe. Gini da injin ba su duba majiyyaci, sai da mutum.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne yara. Lokacin kulle, allurar rigakafi ta ja baya, dama can ba ta isa ƙauyuka yadda ya kamata ba. Daga ƙarshen 2022 sai ga mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi jin jiki, cutar da allurarta ta daɗe a duniya tun kafin a ba mu mulkin kai. Iyayen da suka binne 'ya'yansu ba korona ce ta cuce su ba, sakaci ne.

Cikin 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi domin lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cikawa ba, kason yakan tsaya wajen biyar ko shida.

Muna kira ga wakilanmu na Majalisa, idan kasafi ya zo gabansu, su tambayi wannan kashi 15 kafin su ɗaga hannu. Su kuma sa a karanta wa jama'a lissafin gadaje da tukwanen iskar numfashi da aka saya da sunan korona, a faɗi asibitin da kowanne yake, da wanda ke aiki da wanda ya mutu.