Sabon Mai Haɗa Magani Tsakanin Ubangidansa Da Majiyyaci

Kowace shekara, idan karatu ya ƙare a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, akan tara samari da 'yan mata waɗanda suka gama koyon ilimin haɗa magunguna, a rantsar da su gaban Hukumar da ke kula da wannan sana'a. Daga nan kowa ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin wani babba don sanin makama, ya zauna jarrabawar shiga rajista, sa'an nan ya tafi bautar ƙasa. Bayan wannan duka sai neman abin yi. To, guraben asibitocin Gwamnati ba su isar kowa, saboda haka da yawa daga cikinsu kan kama aiki a kantunan sayar da magani. A cikin kantunan nan kuwa akwai wani iri da ke ta ƙaruwa, watau na kamfani guda mai rassa a wurare dabam dabam. Ya kamata malamai da 'yan kasuwa na Muciya da Sabon Gari da Samaru su duba halin da yaron nan ke shiga ran da ya fara aiki, domin maganin da iyalinsu za su sha ta hannunsa yake biyowa.

KANTI MAI RASSA BA BAƘO BA NE

Mutanen Sabon Gari ba su bukatar dogon bayani a kan kanti mai rassa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, kamfanonin Turawa irin su John Holt da Paterson Zochonis suka kafa kantuna kusa da tasha, har yau ana kiran unguwa guda da sunan PZ. Dattawa sun san yadda akawun kanti yake: ba shi ke yanka farashi ba, ba shi ke zaɓen haja ba, umurni daga Ikko yake zuwa, in wata ya ƙare a ƙidaya kaya a duba littafi. Haka sha'anin magani ya bi a ƙasashen waje. Kamfanin Boots na Ingila ya faro daga ɗan shagon saiwoyi da ganyaye a garin Nottingham a 1849, Walgreens na Amurka kuwa daga shago guda a Chicago a 1901. A Nijeriya an buɗe MedPlus a Ikko a 1993, HealthPlus kuma a 1999, suka yi ta buɗe rassa. A garuruwan Arewa ma wanda kantinsa ya yi albarka kan buɗe na biyu da na uku.

Wannan tsari yana da amfani, ba a musun haka. Babban kamfani yana iya sarin kaya kai tsaye daga masu yinsu, ya sayi firiji da janareto, ya sa kwamfuta ta riƙa nuna abin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa. A garin da zafin bazara kan wuce abin da yawancin magunguna ke jurewa, allurar ciwon sukari kuma tilas ta zauna cikin sanyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kamfani don riba aka kafa shi, kuma a nan ne magana take.

HAJAR DA MAI SAYE BA YA IYA GWADAWA

Mai sayen atamfa yakan murza ta ya ga ko za ta zuba. Mai sayen hatsi yakan tsoma hannu cikin buhu, mai sayen goro ya fasa ɗaya ya duba. Amma mai sayen magani ba shi da hanyar gwaji. Farar ƙwaya mai warkarwa da farar ƙwaya ta alli kamanninsu ɗaya ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan ɗaya cikin kowane goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ko dai jabu ne ko bai kai yadda ya kamata ba. Mutanen Zariya sun ga abin da idonsu. A ƙarshen 2008 aka yi ta kai ƙananan yara Asibitin Koyarwa na Jami'a ƙodarsu ta daina aiki, bayan an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin wanda guba ta shiga cikinsa. Gwamnati ta ce yara 84 suka rasu a ƙasar nan ta dalilinsa. Iyayen nan da kuɗinsu suka saya, da hannunsu suka ɗura, ba su san kome ba.

Don haka ne doka ta ce kada a buɗe babban kantin magani sai da mai haɗa magani wanda ke da lasin, kowane reshe da nasa. An ajiye shi ne don ya zama idon mai saye, alhali kuwa albashinsa daga aljihun mai sayarwa yake fitowa. Wannan ita ce wahalar aikin, kuma sabon shiga ya fi kowa jin nauyinta, domin yaro ne, bai daɗe da barin makaranta ba, yana jin tsoron kora, watakila ma yaran kantin sun girme shi.

JARRABAWA UKU

Ta farko ita ce lissafin ciniki. Kamfani kan yanka wa kowane reshe abin da ake so ya sayar a wata. Tun daga 2023 kuwa, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK na Ingila ya ba da sanarwar rufe harkarsa a Nijeriya, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Sai ga magidanci ya zo da takardar likita, kuɗinsa bai kai ba. Mai haɗa magani ya san cewa sau da yawa magani ɗaya ne kamfanoni da dama ke yi da sunaye iri iri, wani da tsada, wani da sauƙi, dukansu da lambar Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. In ya nuna wa mutumin nan mai sauƙin, ya yi aikinsa, amma cinikin ranar ya ragu. In ya tura masa mai tsadar, ya haɗa masa da kwalbar ƙarin jini wadda ba ya bukata, manaja zai yabe shi. Haka nan in kaya ya kusa lalacewa a sito, akan so a gaggauta fitar da shi. 'Yan kasuwa sun san hukuncin ɓoye aibin haja. A kan magani kuwa laifin ya ninka, domin abin da ake ɓoyewa yana iya zama ajalin wani.

Ta biyu ita ce rabin magani. Mutum ya zo ya ce a ba shi kafso biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a yanka masa rabin katin maganin zazzaɓin cizon sauro. Irin wanda aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shansa cikin kwana uku. Wanda ya sha sau biyu ya ji sauƙi ya bari, bai kashe cutar ba, ya dai sabar mata da maganin. Jama'a na tune da kulorokwin, yadda ya yi shekaru yana aiki har ya zo ya daina ci, Gwamnati ta sauya shi a 2005. Sabon ma'aikaci ya karanta wannan duka, amma mai saye yana tsaye yana cewa in ba a ba shi ba, ga kemis nan a gaba.

Ta uku ita ce mafi tsanani, watau magungunan da ke bugarwa. A ranar 1 ga Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan gidan rediyon BBC ya nuna yadda ake karkatar da shi zuwa hannun matasa. Binciken da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe raɗaɗi irin su taramadol suka sha ba bisa ƙa'ida ba. Irin waɗannan ba a ba da su sai da takardar likita, masu tsananin cikinsu kuma sai an rubuta a littafi na musamman. Mai zuwa nema kuwa ba kullum baƙo ba ne. Yana iya zama ɗan maƙwabci, ko ɗan wani mai faɗa a ji, ko abokin karatu. Kunya ta fi tsoro karya sabon shiga.

HAYAR LASIN

Akwai wata hanya da ke fi wa matashi sauƙi a ido. Mai kanti ya ce masa ya kawo lasin ɗinsa a yi rajistar reshe da shi, a rataye takardar a bango, a riƙa ba shi wani abu a shekara, ba sai ya zo ba. Sai ya tafi neman wani aikin, a bar kanti hannun yaran da ba su yi karatun ba. Malamai sun fi kowa gane munin wannan. Ijaza shaida ce cewa wane ya karanta littafi kaza a gaban wane. Ba a taɓa jin an ba da aronta ga wani ya zauna yana ba da fatawa da ita ba. Lasin ma haka yake. Sunan da ke bango shi za a nema ran da ɓarna ta auku, tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ƙara wa Hukumar kula da harkar magunguna iko a kan kantuna da masu aiki cikinsu. A watan Fabrairu 2024 kuma an ga yadda aka rufe shagunan sarin magani na Sabon Garin Kano, aka umurce su da komawa sabuwar kasuwar Dangwauro a kan hanyar Zariya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

ABIN DA KE KAN KOWA

Attajirin da ya zuba dukiyarsa a wannan sana'a ya sani cewa ma'aikacin da ke iya ce masa a'a shi ne mai tsare masa jari, domin kwalba ɗaya ta haram tana iya jawo a rufe reshe, sunan kamfani ya ɓaci. Kada a auna yaron nan da yawan ciniki kaɗai. A ba shi ikon mayar da kayan da bai yarda da asalinsu ba, a kuma biya shi abin da zai hana shi waiwayen hayar lasin.

Mai saye ya riƙa tambaya a nuna masa mai haɗa maganin kansa, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya karɓi rasit. In an hana shi wani abu sai da takardar likita, kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Malamai kuma, da yake jama'a na jin maganarsu, su riƙa tunatar da almajirai da magidanta cewa cika shan magani yadda aka faɗa yana cikin kiyaye lafiya.

Shi kuwa sabon ma'aikaci, makon farko shi ne ma'auninsa. Abin da ya yarda da shi a ranar farko, shi za a nema gare shi har ya bar wurin. Ya san sitonsa, ya riƙe littafinsa, ya nemi wani dattijo a cikin sana'ar da zai riƙa yi wa tambaya, kada ya ji kunyar mayar da majiyyaci wurin likita in abin ya fi ƙarfinsa. Aikin kamfani yana iya ƙarewa gobe, amma mutanen unguwa ba su mance wanda ya gaya musu gaskiya ran da ɗansu ke kwance. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma taimaki masu riƙon amana.