Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya saba zama a fada a Yamai, ko yake leƙa ɗakunan wasan bidiyo na unguwanni irin su Bukoki da Yantala, ya san yadda samarinmu ke raba wasanni. PES na Konami ne, Call of Duty na Activision ne, magana ta ƙare. In kuwa aka taɓo rigimar da ke tashi tsakanin waɗannan manyan kamfanoni da mutanen da suka zauna suka ƙera wasan, hukuncin ɗaya ne: mai kuɗi shi ne mai abu. Shi ya zuba jari, shi ya yi kasada, wanda ya yi aikin kuwa an biya shi albashinsa, sai ya gode ya kama bakinsa. Ba yara kaɗai ke faɗin haka ba. 'Yan kasuwa da 'yan boko ma suna faɗa, har suna yi wa matasanmu masu koyon ƙirar manhaja nasiha da ita. Ni ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma ina ganin illarta a kanmu ta fi illarta a kan mutanen Amurka da Japan.

Mu ɗauki Call of Duty ɗin da ake kafa hujja da shi. Wata 'yar ƙungiya mai suna Infinity Ward ce ta ƙera shi. An kafa ta a 2002, kuma Jason West da Vince Zampella suna cikin jagororinta. Wasan farko ya fito a 2003, a shekarar Activision ya saye ƙungiyar. A 2007 suka fito da Modern Warfare, wanda ya fitar da wasan daga Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo shi zamaninmu. Zampella da bakinsa ya faɗa daga baya cewa Activision bai so wannan sauyi ba, sai da suka dage. Wato dabarar da ta mai da wasan rijiyar kuɗi, masu jarin ƙin ta suka yi da farko.

A Nuwamban 2009 Modern Warfare 2 ya shiga kasuwa. A rana ta farko an sayar da kwafi miliyan 4.7 a Amurka da Birtaniya kaɗai, kuma kafin ƙarshen Janairun 2010 cinikinsa ya haura dalar Amurka biliyan 1. Ran 1 ga Maris 2010 Activision ya kori West da Zampella, bisa zargin saɓa yarjejeniya da rashin biyayya. Su kuma suka garzaya kotu, suka ce an kore su ne don kada a ba su kasonsu, wanda suka ƙiyasta aƙalla dala miliyan 36. Ma'aikata 38 suka shigar da tasu ƙarar kan kuɗin lada da suka ce an riƙe musu. Activision ya mai da martani da ƙarar dala miliyan 400, har ya haɗa da abokin gasarsa EA. Shekara biyu ana jan zare. A Mayun 2012, ana dab da fara shari'a, Activision ya biya ma'aikatan nan dala miliyan 42, sannan aka sasanta sauran a asirce. A tsaya a dubi wannan da kyau. Mutanen da suka kawo wa kamfani biliyan sai da suka yi shekara biyu suna biyan lauyoyi kafin su ga abin da ya hau kansu. In haka ta faru a ƙasar da kotu ke da haƙora, ina ga yaron da zai sa hannu daga Yamai?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce ai bayan tafiyarsu wasan bai mutu ba, sabon Call of Duty mai suna Black Ops, na ƙungiyar Treyarch, ya fito a Nuwamban 2010 ya ma zarce a ciniki. Gaskiya ne. Amma me ya sa mutane suka yi layi tun kafin su ga wasan? Sunan suka bi. Wa ya gina sunan? Waɗanda aka kora. Wannan hujja ai tawa ce, domin ta nuna cewa dukiyar tana cikin suna, kuma wanda takarda ta ba shi sunan shi zai ci gaba da ci ko bai taɓa rubuta layi ɗaya ba. Su kuwa West da Zampella suka kafa Respawn, inda daga baya Titanfall da Apex Legends suka fito. Gwaninta ta bi masu ita, suna ya zauna a hannun mai takarda.

Sai batun kasada, wanda shi ne ginshiƙin maganarsu. Wa ke kwana da ita? A Oktoban 2023 Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. Masu hannun jari suka kwashi rabonsu. A Janairun 2024 aka sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni. A Mayun shekarar Microsoft ya sanar da rufe ƙungiyarsa Tango Gameworks ta Japan, alhali wasanta Hi-Fi Rush ya sha yabo ya ci lambobi. Babban kamfani yana da wasanni da yawa, in ɗaya ya faɗi wani ya tashe shi. Mai ƙira shekaru uku ko huɗu na rayuwarsa ya zuba a wasa guda, in ya faɗi a kore shi, in ya ci ma ana iya korarsa. Konami ma, da samarinmu ke ƙauna saboda ƙwallo, ya rabu da Hideo Kojima a 2015 bayan kusan shekara talatin yana yi masa Metal Gear, har aka hana shi zuwa karɓar lambar yabon wasansa a Disamban shekarar.

Ba sai mun haye teku ba kafin mu gane wannan. Finafinan Hausa da muka tashi muna kallo a nan sun bi ta wannan hanya. A zamanin kaset, furodusa a Kano zai ci bashi ya yi fim, ya kai asalin kaset ɗin wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, su buga su rarraba har Maradi da Damagaram da Yamai, shi kuwa kuɗin kwalin kaset yake jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A lokacin ma cewa ake yi ai su ke da injin bugawa, su ke da hanyar kasuwa. Da kasuwar faifai ta rushe, waɗanda suka farfaɗo su ne masu riƙe da abinsu, suka buɗe tashoshinsu a YouTube, kamar yadda aka gani da shirin Izzar So.

Ba cewa nake mai jari ba shi da haƙƙi ba. Talla kuɗi ce, albashin wata da watanni kuɗi ne, ya kamata ya fitar da uwar kuɗinsa ya ci riba mai kauri. Abin da na ƙi shi ne a ce kuɗin shekara biyu ya sayi suna da labari da jarumai har abada, a kuma kira wannan adalci.

Abin ya dame ni ne saboda ƙirar wasa a Nijar jaririya ce. An riga an ga Les Héros du Sahel daga MOG Media Design a nan Yamai, a Kamaru kuma Kiro'o Games ta fitar da Aurion a 2016. Ranar da wani wasa mai ɗauke da tarihin Sarauniya Mangu ko kokowar gargajiya zai ja hankalin waje, masu jari za su zo da takarda mai shafuka da yawa da kuɗin da yaro bai taɓa riƙewa ba. In mun riga mun cusa masa cewa mai kuɗi shi ne mai abu, zai sa hannu yana murna.

Don haka kirana ga cibiyoyin da ke renon matasa masu sana'a, irin su CIPMEN, da ofishin haƙƙin mallaka na BNDA: ku koya wa yaran nan karatun yarjejeniya kamar yadda ake koya musu kwamfuta. Nijar tana cikin ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira ta OAPI, ƙofar rajistar suna a buɗe take. Ku kuma matasa, ku yi rajistar sunan wasanku kafin ku nuna wa kowa. Ku ba da izinin sayarwa na shekaru ƙidayayyu, a rubuta kasonku da ranar biya, a rubuta cewa in an rabu suna ya dawo hannunku. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, ku bar shi ya tafi da kuɗinsa.