TANKIN BABUR NA YOYO, WA ZAI BIYA?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci wa 'yan'uwanmu masu babura tuwo a ƙwarya a Birnin Kebbi da Argungu, yau kuwa sai mun faɗe ta.

Talaka ya sayar da shinkafarsa ta fadama, ko ya ci bashi, ya sayi sabon babur don ya riƙa kai kifi da albasa kasuwa, ko ya yi kabu-kabu ya ci da iyali. Ba a jima ba sai ya ji warin fetur a zaure. Ya duba, ashe tanki ne ke tsatsafo da mai ta wurin walda, ko kuwa tiyon da ke kai mai kafireto ya bushe ya tsage. In ya koma wurin dila, sai a nuna masa rubutun gindin rasit, wai abin da aka saya ba a mayarwa. Ko a ce zafin rana ne. To, dila bai san ranar Kabi ba sa'ad da ya kawo kayan?

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tankin babur bisa inji yake, tsakanin ƙafafun mai tuƙi. Mai yana ɗiga a kan ƙarfe mai zafi, ga wayar fulogi kusa, tartsatsi ɗaya ya isa. Wasu na toshe hujin da sabulu, wasu na kai wa mai walda, alhali tururin fetur da ya saura cikin tanki yana iya fashewa.

Ga kuma asara. Kafin a cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, farashin gwamnati bai kai naira 200 lita ba. A Oktoba 2024 ya haura naira 1,000. Kowane ɗigo da ya zuba ƙasa, kuɗin cefane ne.

Gaskiya ne wani lokaci laifin na man ne. A Fabrairu 2022 an shigo mana da fetur daga Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, wanda ke cin roba. Amma fa ko tanki ne ko mai, ba talaka ya ƙera ba, ba shi ya shigo da shi ba. Don me shi kaɗai zai biya?

Ku dubi yadda a ke yi a Amurka. A ƙarshen 2013 kamfanin BMW ya kira babura wajen 50,000 su dawo, don bakin famfon mai na tankinsu yana iya tsagewa ya yi yoyo, aka gyara kyauta. Ba don tausayi ba ne, doka ce ta tilasta. Ran mai babur na can bai fi na ɗan kabu-kabun Argungu tsada ba.

Mu ma muna da doka. A 2019 aka sa hannu a kan dokar kare masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kaya mai aibi. Ga kuma hukumar SON, wadda aikinta duba ingancin kaya. Rubutun gindin rasit bai fi doka ƙarfi ba.

Don haka, 'yan'uwa, kada wanda ya sayi babur ba rasit mai lambar inji da kwanan wata. Wanda tankinsa ya yi yoyo, kada ya toshe ya yi shiru. Ya kai wa shugabannin ƙungiyarsa ta kasuwa ko ta 'yan kabu-kabu, a rubuta irin babur da wurin saye, a haɗa ƙararraki a kai wa hukuma a takarda ɗaya. Mutum guda a kan kore shi daga bakin shago, mutum ɗari kuwa sai a ba su kujera.

Ku kuma diloli, ba gaba mu ke yi da ku ba. Ku matsa wa masu kawo muku kaya kamar yadda za mu matsa muku. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.