Jami'in Kiyaye Gobara a Wuraren Gine-gine: Albashin da Ke Ceto Jari

Masu harkar gine-gine a Nijeriya sukan zauna su lissafa kuɗin siminti da rodi da yashi har zuwa kwabo na ƙarshe, amma da wuya a ga inda suka ware albashin mutumin da aikinsa shi ne hana gobara cinye dukiyar da aka tara a wurin. Wannan tsimi ne da kan jawo hasara mai yawa.

Gini yana fuskantar haɗarin wuta mafi girma ne a lokacin da ake yinsa ko gyaransa. A wannan lokaci ba a kafa na'urorin gano hayaƙi ba, ba a haɗa bututun ruwa ba, kuma ba a sa ƙofofin da za su tare wuta ba. Ga katako da gora da fenti jibge, ga gangunan man dizal kusa da janareta, ga masu walda suna watsa tartsatsi, ga leburori suna girki da risho a inda suke kwana. Idan hunturu ya shigo komai ya bushe, tartsatsi guda ya isa.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ishara ne. A watan Nuwamba na 2010, tartsatsin walda ya tayar da gobara a wani bene mai hawa 28 da ake gyarawa a birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda mutane 58 suka rasa rayukansu. A watan Afrilu na 2019, wuta ta kama majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris ana cikin aikin gyaranta, ba a kuwa sake buɗe ta ba sai a Disamba na 2024. A nan gida, gobarar benen NET na Legas a 1983 da ta Cocoa House na Ibadan a 1985, ko da yake kammalallun gine-gine ne, sun nuna wahalar kashe wuta a dogon bene idan ta riga ta yi ƙarfi.

Aikin jami'in kiyaye gobara a bayyane yake. Shi ne zai ba da takardar izini kafin a soma walda, ya kuma sa a ci gaba da gadin wurin bayan an gama, domin wuta kan ɓuya a cikin katako. Shi zai raba ma'ajiyar mai da wurin aiki, ya tabbatar ana kwashe shara kullum, ya duba wayoyin lantarki na wucin gadi da tukwanen kashe gobara. Haka nan shi zai koya wa ma'aikata hanyar fita, ya kuma bar wa motar 'yan kwana-kwana hanyar shiga. Amma duk wannan ba zai yi amfani ba matuƙar ba shi da ikon tsayar da aiki idan ya ga haɗari, ko da ɗan kwangila na sauri.

Ba rashin doka ne ke damun ƙasar nan ba. Dokar inshora ta 2003, wadda ta yi aiki har zuwa 2025, ta wajabta yin inshorar duk ginin da ake yi wanda ya haura hawa biyu, an kuma fitar da ƙa'idojin gine-gine na ƙasa a 2006. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen aiwatarwa, domin jami'an gwamnati ba za su iya tsayawa a kowane fili kullum ba.

Saboda haka ya kamata masu kuɗi su ɗauki nauyin. Bankin da zai ba da rance ya gindaya sharaɗin ɗaukar ƙwararren jami'i kafin ya saki kuɗi. Kamfanin inshora ya rage wa wanda ya ɗauka kuɗin biya, ya ƙara wa wanda ya ƙi. Gwamnatoci kuma su sa wannan albashi cikin takardun kwangila, don kada mai neman aiki da araha ya soke shi. Inshora na iya biyan kuɗin katako da siminti, amma ba ta mayar da watannin da aka ɓata ana biyan kuɗin ruwa, balle ran leburan da ya salwanta.