Shirin Gidaje Na Ƙasa Da Makomar Tsofaffi

Tun daga 1973, lokacin da aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, kusan kowace gwamnati da ta hau mulki a Nijeriya, ta soja ko ta farar hula, ta zo da nata shirin gina gidaje. Shirin Raya Ƙasa na Uku, watau na 1975 zuwa 1980, ya ƙudura gina gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi alkawarin gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha, ga kuma unguwannin nan ana kiransu da sunansa har yau. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, cikin Abuja. Duk lokacin da aka tashi auna waɗannan shirye-shirye, tambaya ɗaya ake yi: gida nawa aka gina? Ba kasafai ake tambayar wanda zai zauna a ciki ba, balle a tambayi yadda zamansa zai kasance ranar da ƙafa ta yi nauyi, ido ya rage gani.

Dalilin wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne. Nijeriya ƙasar yara da matasa ce, waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama ba su wuce wajen kashi 5 cikin 100 na jama'a ba. Amma a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wannan ɗan kason ya kai mutum miliyan goma, kuma ƙaruwa yake yi. Har ila yau ana yawan ruɗuwa da lissafin nan da ke cewa ɗan Nijeriya shekara hamsin da 'yan kai yake yi a duniya. Yawan mutuwar jarirai ne yake jan wannan adadi ƙasa. Wanda Allah ya kai shi sittin, galibi yana da fiye da shekara goma a gabansa, kuma a cikin gida zai yi mafi yawansu.

A ɗauki ma'aikacin gwamnati, tun da yake shi ne aka fi tsara shirin gidaje dominsa. Doka ta ce ya bar aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. A da yakan yi rayuwarsa a gidan kwatas, ya fita ranar da ya yi ritaya. Daga 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta mayar da haƙƙin gida ya zama kuɗi cikin albashi, aka kuma sayar da yawancin gidajen gwamnatin tarayya. Waɗanda sayarwar ta tarar a ciki sun dace. Na bayansu kuwa aka bar su da haya da kuma Asusun Gidaje na Ƙasa.

An kafa wannan asusu da doka ta 3 ta 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ne yake riƙe da shi. Ana yankar kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, shi kuma ya sami damar neman rance da ruwan kashi 6 cikin 100, wanda za a iya biya har tsawon shekara 30. A takarda sharaɗi ne mai sauƙi ƙwarai. Amma fa ana auna tsawon biyan ne da shekarun da suka rage wa mutum a bakin aiki, abin da za a cire masa kuma kada ya wuce sulusin abin da yake samu. Saurayin da ya fara aiki yana da shekaru amma ba shi da albashin da zai ɗauki bashin. Wanda ya kai hamsin da biyar yana da ɗan albashi amma shekarun sun ƙare. Da yawa sukan kai ga ritaya ba su ci rancen ba, sai a mayar musu da abin da suka tara. Ga lissafin: wanda yake kan mafi ƙarancin albashi na 2024, Naira 70,000, ko da daga dukan albashin aka yanka, Naira 1,750 ke nan a wata, Naira 735,000 a shekara 35 kafin a ɗora ɗan ruwan da ake ɗorawa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000. Tarin aikin rayuwa guda bai sayi buhu tamanin ba.

Haka abin yake ta fuskar fansho. Dokar fansho ta 2014 ta yarda ma'aikaci ya taɓa wani abu daga asusunsa don biyan kafin alƙalamin lamunin gida, a 2022 kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin, ta ƙayyade kashi 25 cikin 100. Mataki ne mai kyau. Sai dai ƙa'idojin sun cire wanda ya riga ya yi ritaya, sun kuma cire wanda abin da ya rage masa bai kai shekara uku ba. Hukumar tana da hujjarta, gama ba ta son a cinye guzurin tsufa a kan bulo. Duk da haka sakamakon shi ne wanda ya fi kowa buƙatar wurin zama shi aka fara rufe wa ƙofa. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi yawan tsofaffin ƙasar nan, galibinsu ba su ma shiga wannan lissafi ba.

To, a ce ma an sami gidan. Wane irin gida ne? Zanen da hukumomi suka fi so shi ne ɗaki biyu ko uku da falo, sau da yawa a bene mai hawa uku ko huɗu, a bayan gari inda fili yake da araha. An zana shi ne don miji da mata da 'ya'ya ƙanana, masu abin hawa. Dattijon da gwiwa ta dame shi, in aka sa shi a hawa na uku, an raba shi da masallaci da majalisa da jana'izar abokansa. Ɗan garuwa ba ya son hawa, ranar da famfo ya ƙafe. Makewayi an shimfiɗa masa tayil mai santsi, babu abin kamawa a bango. Ƙofarsa ba ta isa a shiga da keken marasa lafiya ba, ko mutum biyu su shiga, mai jinya da mai riƙe shi. Likitocin ƙashi sun san abin da faɗuwa a makewayi take jawowa: tsohon da ya karye a ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan. Ga kuma bangon bulo da rufin kwano maras silin, wanda yake mayar da ɗaki tanderu daga Maris zuwa Mayu, alhali jikin tsoho ba ya jure zafi kamar na yaro.

Abin lura shi ne ginin Hausa na gargajiya ya daɗe da warware yawancin waɗannan matsaloli, ba tare da wani ya kira shi manufa ba. Gida ne na ƙasa, mai kaurin bango da sanyi. Maigida in ya tsufa yana da zaure, inda duniya take zuwa ta same shi ba sai ya bi ta ba. Tsohuwa tana da ɗakinta a tsakar gida, jikoki suna kwana wurinta, tana jin motsin kowa, kowa yana jin tarinta. In ɗa ya yi aure sai a yanka masa sashe. Wannan tsari ne yake rushewa, ba don 'ya'yan yau sun fi na da rashin tausayi ba, sai don fili ya tsuke. A Kano da Kaduna da Zariya ana raba fuloti gida biyu, wani lokaci huɗu, a gina shi bango da bango, babu inda za a ƙara ɗaki. In maigida ya rasu kuma, gidan da ba zai rabu ba sayar da shi ake yi. Matar da ta yi shekara arba'in a ciki tumuni ne rabonta in akwai 'ya'ya, in da kishiyoyi su raba tumunin. Shari'a ta ɗora wa 'ya'ya ciyar da ita da ba ta wurin zama, amma ɗan da yake haya a ɗaki da falo ina zai sa ta?

Wasu suna ganin mafita ita ce gwamnati ta gina gidajen tsofaffi irin na Turai. Lalle akwai waɗanda ba su da kowa, kuma haƙƙi ne a kula da su. Amma a ƙasar Hausa kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne da zai bi zuriya, kuma babu jihar da take da kuɗin riƙe dubban mutane ta wannan hanya, tun da wasu ko garatuti sai an shekara da shekaru ana jira. Darasin da ya fi kusa yana Singafo, inda wajen kashi 80 cikin 100 na mutane suke zaune a gidajen da hukuma ta gina. Daga 2012 hukumar gidajensu ta shiga biyan mafi yawan kuɗin sa ƙarfen kamawa da gyara daɓen makewayi a gidajen da tsofaffi suke ciki. A 2013 ta fara gina gidaje masu ɗaukar kakanni da iyaye da jikoki tare, a 2015 kuma ta fara ba da tallafi ga wanda ya sayi gida kusa da iyayensa. Arzikinsu ba ɗaya ba ne da na Nijeriya, amma dabarar ba ta kuɗi ba ce kawai: gwamnati ta taimaki iyali su riƙe nasu.

Kayan aikin yin haka suna nan. An sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka amince da Manufar Ƙasa kan Tsufa a 2021. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a 2024. Abin da ya rage shi ne waɗannan takardu su isa teburin mai zanen gida. Tun ran gini tun ran zane: faɗaɗa ƙofa da sauke dokinta da barin ɗaki ɗaya mai makewayi a ƙasa ba su da wani tsada in an sa su tun a zane, sai an zo fasa bango ne suke cin kuɗi. Hukumomin tsara birane na jihohi, waɗanda suke sa hannu a kan kowane zane, suna da ikon sa wannan sharaɗi a rukunin gidajen gwamnati, su kuma hana yanka fuloti ƙasa da ƙa'ida. Bankin Lamunin Gidaje yana da rancen gyaran gida ga masu zuba kuɗi a asusun. In aka yarda ma'aikaci ya karɓe shi don gina wa mahaifiyarsa ɗaki da makewayi a gidan gado, ana cirewa daga albashinsa, kuɗin da zai gina gida ɗaya a Karsana zai gyara gidaje da dama a Fagge da Tudun Wada.